Ranar Kasuwa Aka Zo Duba Koyarwata

Zuwa ga Shugaban Sashen Karatu Daga Nesa na kwalejin da ta horar da ni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya ba da ladan aiki.

Ranka ya daɗe, sunana Hadiza, 'yar ƙasar Kebbe ce ni, aure ya kai ni Kumasi ta ƙasar Gana, inda maigidana ke sana'ar ɗinki. Da godiya zan fara, don takardar shaidar koyarwata ta fito. Ƙanena ya karɓo ta, ya ɗauki hotonta ya turo mani, na yi ta kallo har cajin waya ya ƙare. Alhamdulillahi, zuciyata ta yi sanyi. Amma ƙiris ya rage in rasa ta a kan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa na ga ya dace in yi maganar a fili.

Na farko. Duk karatun nan a waya na yi shi, ina tuyar ƙosai ina sauraren darasi, ɗiyana na ja mani zane. Ban taɓa kuka da wannan ba, ni na ɗora wa kaina. Da aka ce koyarwar gwaji sai an koma gida, a gaban mai dubawa daga kwaleji, ban ja ba. Na bar yarana wajen ubansu da wata maƙwabciya, har da ƙaramar da ban daɗe da yayewa ba, na hau mota na taho. Ƙa'idarku kuwa a bayyane take: wanda aka zo dubawa ba a same shi ba, sai ya sake zuwa baɗi. Ni dai na san ba ni da wani baɗin. Maigida ya yi haƙuri sau ɗaya, ba ni da bakin roƙon na biyu.

Na biyu. An tura ni wata firamare a ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, ɗalibanta ɗiyan manoma ne da na Fulanin rugagen da ke kewaye. Makarantar tana da wani tsari da hedimasta, Malam Umaru, ya ƙulla da iyaye tun kafin in zo. Ranar kasuwar Tambuwal, 'yan mata na raka uwayensu da ƙoren nono, maza na kora bisashe zuwa kasuwa tare da ubanninsu. Ko ka yi ta buga ƙararrawa har hannunka ya gaji, awaki kaɗai za su leƙo. Sai aka yi yarjejeniya: ranar kasuwa a yi karatu bayan la'asar idan an dawo, sauran ranaku kuma kada wanda ya riƙe ɗansa a gida. Iyaye sun riƙe alkawari, aji na cika fal.

Na uku, nan ne abin ya faru. Malaminku mai dubawa, bawan Allah, daga Sakkwato ya taso, kuma ya zaɓi ranar kasuwa. Ban ga laifinsa a nan ba, kowa ya san ranar ce ake samun mota a hanyar nan ba tare da an wuni a tasha ba. Ya iso da hantsi ya tarar da makaranta a kulle. Ni kuma ina ina? Ina Tambuwal, na bi motar kasuwa don in samu sabis in tura maku tsarin darussana na mako, tunda a ƙauyen sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho. Na tabbata a hanya muka yi saɓani, yana cikin wata mota ina cikin wata. Bai tambayi kowa ba, ko da yake wa ma zai tambaya, gari ya watse? Ya juya ya rubuta cewa ɗaliba ba ta wurin aiki.

Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira Malam Umaru. Sai da na sake zuwa Tambuwal na buɗe shafina na kwaleji a waya na ga an rubuta ban halarta ba. Wallahi a bakin shagon mai cajin waya na zauna a ƙasa. Ni da kullum alli ke cika mani hannu, ni ce ban halarta ba? Na yi ta kiran lambar ofishinku, tana ƙara ba a ɗauka. Da na je da ƙafata, aka ce mai alhakin abin ya tafi taro, in dawo wani mako. Haba, ranka ya daɗe! Wanda ya zo daga wata ƙasa, yaransa na can suna kuka a waya, ba a ce masa ya dawo wani mako kamar mai zuwa daga bayan layi.

Na ƙarshe, kuma wannan yabo ne. Malam Umaru ne ya hau babur ɗinsa, ya ɗauki Arɗon wata ruga a baya, suka je har ofishinku suka yi bayanin yarjejeniyar. Da maganar ta kai kunnen mai dubawa, bai yi girman kai ba. Ya dawo a ranar da ba kasuwa, a kan kabu-kabu, ruwa ya yi masa duka, ya naɗe wando don taɓo. Ya zauna bayan aji ya ga yara har bakin ƙofa, ya saurari darasin lissafin da na koyar tun daga farko har ƙarshe. Da aka tashi ya ba ni haƙuri a gaban hedimasta, ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, zaman birni ya sa ya mance abin da ranar kasuwa ke yi wa makaranta. Ya gyara sakamakon da hannunsa. Na yafe masa tun a nan, har yau ina sa shi a addu'a.

To ga abin da nika roƙo. A riƙa sanar da hedimasta kafin a zo, a tambaye shi ranar da ta dace. Idan aka tarar da makaranta a kulle, a nemi dalili kafin a rubuta abin da zai rusa shekarar mutum. A kuma ajiye wanda zai riƙa ɗaukar wayar ofis, don mu da ke wajen ƙasa ita kaɗai ce ƙofarmu. Ni na dace da hedimasta mai babur da zuciya, ba kowa zai dace ba.

Akwai wata 'yar garin Sanyinna da ke aure a nan kusa da mu, da goyo a bayanta. Ta ga hoton takardata, ta zo tana tambayata ko ita ma ta shiga karatun, ko za ta iya barin jaririnta ta je gida ta dawo da abin da ta je nema. Na buɗe baki in ce mata ta shiga, sai na kasa. Na ce ta dakata tukuna. Amsarka nika jira in kai mata.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora a kan wannan amana, ya saka wa malamanmu da alheri, ya kai mu ga ganin amfanin abin da muka koya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza, daga Kumasi