Tsummanmu Ba Ya Taɓa Ƙasa

Zuwa ga Anibal, tsohona, dogona, inuwar da na zaɓa tun rana tana tsaka, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar ƙasata, gishirin miyata, kuma mafi taurin kai a cikin duk 'ya'yan da aka haifa a unguwarmu ta Lanus,

Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba. Ga sandarka ta ɗaga tuta nan na naɗe ta a tsohuwar jarida na dawo maka da ita tare da wannan wasiƙa. Kada ka ba Ofelia ta karanta maka, ka san ƙanwarka, da ta ci karo da kalmar so sai tari ya sarƙe ta. Idonka lafiya lau yake, hannunka na dama ma haka. Ciwon nan ɓarin hagu ya shanye maka, bai taɓa karatunka ba.

Ranar Lahadi 'yarmu Silvina ta dawo daga wajenka, ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da sandar kamar wadda aka aiko da mugun labari. Ta ce, "Mama, Baba ya ce a ba ɗan abokinsa Chiche. Wai tsumma yana bukatar saurayi mai ƙafa biyu." Na ce, "Da bakinsa ya faɗi haka?" Ta ce, "Da rabin bakin da ya rage masa, amma na ji sarai." Dariya ta so ƙwace mini, sai kuka ya riga ta. Na kashe wutar girki na zauna a ƙasa, ni da ban taɓa zama a ƙasan kicin ɗina ba.

Anibal, ni za ka yi wa haka? Ka manta doka ne, ko kana tsammanin ni na manta? Duk wanda ya taɓa ɗaga tutar unguwarsu a filin kiɗan rok na jita da ganguna, wadda mu muke kira tsumma, ya san ba a wanke shi, ba ya taɓa ƙasa, sandarsa kuma ba ta sauya hannu sai an binne mai ita. Kai ne ka tsaya a maƙabarta ranar da aka binne Tito na unguwar Quilmes, ka miƙa wa 'yarsa sandar ubanta, kana sharɓar hawaye kana cewa wai mura ce. To me ka aiko mini? Sanarwar mutuwarka ka aiko mini, kana zaune a gidan Ofelia a bakin tafkin Chascomus kana shan shayin mate. Na ƙi karɓar ta'aziyya. Ban sa baƙaƙen kaya ba, kuma ba zan sa ba, don mijina yana numfashi.

Asabar ta sama makaɗan nan namu, Karnukan Tasha, za su yi wasansu na ƙarshe, a filin ƙwallon nan na bakin kogi inda muka fara ganinsu. Ka sani, don Ofelia ta ce duk lokacin da rediyo ya sanar sai ka ce a kashe, in an kashe kuma ka yi ta hararar rediyon. Mai gangunansu an yi masa aikin zuciya. Mai jitarsu yanzu sai ya sa tabarau yake ganin yatsunsa. Mawaƙin da 'yan mata suke suma saboda gashinsa, yau kansa kamar ƙwai. Duk da haka za su hau dandamali. Su ba su ji kunyar tsufansu ba, sai kai da aikinka kawai riƙe sanda?

Bari in tuna maka, ya hasken idona, tunda ka zaɓi mantuwa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce. Samari sun fara barin gashi ba tare da tsoron a tare su a hanya a aske su da ƙarfi ba, kai kuwa naka ya sauko har kafaɗa, ba kyau ko kaɗan, yau dai na faɗa maka gaskiya. Ba ka san ni ba, ban san ka ba. Chiche ne ya zo ya ce abokinsa mai aiki a garejin jirgin ƙasa, wato kai, ya samo ragowar baƙin fenti, ƙyalle kawai ake nema a yi tsumman zuwa wasa. Ni kuwa na shiga ɗakin uwata na zare zanen gadon aurenta, farin nan mai ɗinkin furanni a baki da take ɓoye wa baƙi. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina neman zanen nan ba, ta zargi maƙwabta gida uku. Muka shimfiɗa shi a rufin gidan su Chiche, ka rubuta LANUS a ɓangare ɗaya, NA NAN a ɗayan. Ka yanko gora biyu, na ɗinke bakin zanen a jikinsu. Sannan ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Ke siririya, wannan hannun naki zai iya riƙe sanda kuwa?" Na ce, "Ka kula da taka, dogon banza." Kalmomin soyayyarmu na farko ke nan.

Ka tuna filin? Ka tuna yadda ƙasa take rawa tun kafin a buga komai, ƙamshin naman da ake gasawa a bakin ƙofa ya haɗu da warin zufa da hayaƙi, tsummoki a ko'ina, na Avellaneda, na Moron, har da wani daga can kudu mai sanyi da masu shi suka sayar da kekunansu suka zo? Rana tana faɗuwa a bayan tsaunin kujeru, hadari ya haɗo daga kogi, sai jita ta yi kukanta na farko. Ban ji ta a kunne ba, a haƙarƙarina na ji ta. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna magana ƙasa-ƙasa a gidajensu suka buɗe baki gaba ɗaya. Wani dattijo kusa da ni, ban san shi ba, ya kama kafaɗata yana cewa, "'Yata, kin ji? Kin ji mu?" Sai ruwa ya ɓarke, wuta ta ɗauke, lasifika suka yi gum. Babu wanda ya motsa. Mu muka ci gaba da waƙar da bakinmu, mawaƙin ya zauna a bakin dandamali yana saurarenmu kamar shi ya sayi tikiti.

Da wuta ta dawo, ganguna suka faɗo, filin ya tashi sama gaba ɗaya. A cikin turereniyar nan ƙafata ta zame a laka na tafi ƙasa. Na ga takalma ta ko'ina, na ce shi ke nan, yau uwata za ta rasa zane ta rasa 'ya. Sai na ji an damƙi gashina an fizgo ni sama kamar ana ciro akuya daga rijiya. Kai ne, da hannu ɗaya. Ɗayan yana sama riƙe da sandarka. Na ce, "Mahaukaci, da gashi ake ɗaga mutum? Ba za ka iya sakin sandar ba?" Ka ce, "Ke kin saki taki ne?" Na duba, ashe tana hannuna, a tsaye, tsumma bai taɓa ƙasa ba. A nan na so ka, Anibal. Takalmina ɗaya ya ɓace, bakina ya fashe, gashina ya cika tafin hannunka, kuma na san ba zan ƙara duban wani namiji ba. Ka ɗora ni a kafaɗarka har aka tashi, ka goya ni har tasha.

Da hannu ɗaya ka yi wannan. Ka sake karanta layin nan.

Na san abin da ya kai ka gidan Ofelia, kada ka ce mini iskan bakin tafki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ka so in ga ana ɗaga ka daga gado, ana goge maka haɓa, ana ɗaura maka takalmi. Gara ƙanwarka ta gani, ita da ba ta taɓa hawa kafaɗarka ba. Duk zuwan da na yi sai ka rufe ido wai kana barci. Shekara nawa ina kwana kusa da kai? Kai da in kana barci ake jin minsharinka har layin baya, yau ka koma barci shiru kamar jariri? Nakan zauna in yi ta kallon fatar idonka tana rawa, in ce a raina, bari in ga iya gudun ruwansa. To na gani, kuma na gaji.

Me kake ɓoye mini da ban gani ba? Na gan ka kana amai a bayan motar haya bayan wasan da aka yi a garin Rosario. Na gan ka kana kuka ranar da aka rufe garejinku aka sallame ku. Na ga tumbinka ya fito, na ga gashin nan mara kyau ya kakkaɓe ya bar ka da sanƙo, ban ce uffan ba. Ni kuma ka ga gwiwoyina sun kumbura, ka ga haƙoran da nake jiƙawa a kofi. Kana tsammanin kafaɗa na aura? Da kafaɗa nake nema da na auri ɗan dako. Mutumin da ya ƙi sakin sanda na aura, shi nake nema, a kujera ko a tsaye, da baki ɗaya ko da rabi. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

Gidan nan ya yi mini faɗi, ya sanyin zuciyata. Da safe ina zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, in sha, in miƙa hannu gefe, babu mai karɓa. Itacen lemonka ya yi 'ya'ya har suna zubewa, na ƙi tsinka don in ka dawo ka yi faɗa. Faya-fayanka na waƙa suna nan a jere yadda ka bar su, ban saka ko ɗaya ba, don waƙoƙin nan da murya biyu na san su, tawa da taka mai karkata kamar ƙofar da ta sha ruwa. Wane irin kewa ne wannan, a ce mutum yana raye, motar haya tana zuwa garin da yake, amma ya gina katanga da fatar idonsa? Ina kewarka har haushinka nake ji, ina jin haushinka har abinci ba ya shiga.

Silvina, baiwar Allah, ta ce akwai rumfa can sama da aka ware wa masu keken marasa lafiya, da bargo da komai. Ta ce da ta gaya maka ka ce, "Ni ba zan je a ajiye ni a kanta kamar tukunyar fure ana tausaya mini ba." A nan kam na yarda da kai, wa ya ce maka sama za mu? Mu mutanen ƙasa ne, ba mu taɓa kallon wasa daga kujera ba. Na je wajen Chiche na same shi yana wanke motarsa. Na faɗa masa saƙonka, ya jefar da soso ya ce, "Ɗana? Wannan da yake jin kiɗa a waya? Ki gaya wa Dogo in ya gaji da rayuwa ya mutu sosai mu gani, ba wannan wasan yara ba." Shi da ragowar tsofaffin unguwa za su kewaye kekenka a gefen shinge, inda turereniya ba ta kaiwa sosai. Ɗaya yana da ciwon suga, ɗaya kunnensa ya tafi, amma duk wanda ya ture ka sai ya bi ta kansu. Likitanka ya ce hayaniya ba ta da kyau gare ka. Na tambaye shi ko shirun da kake ciki yana da kyau, ya kama duba takardunsa.

Saboda haka ka saurara. Ranar Asabar da hantsi za ka ji motar Chiche a ƙofar Ofelia, ba ka rasa gane ta, har yanzu tana tari kafin ta tsaya. Zan shigo da baƙar rigarka. Ni zan sa maka ita, ni zan ɗaura maka takalmi, in haɓarka tana bukatar gogewa ni zan goge, kuma in ka rufe ido zan ɗaga ka da kunne tunda gashi ya ƙare. Kafin nan ka kwance jaridar nan ka fara gwada hannunka da sandar safe da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma ka kafe ka ce ba za ka ba, ba zan roƙe ka ba, ban iya ba. Zan tafi. Zan shiga filin nan da tsummanmu, in tsaya inda muka saba, in ɗaga sandata iya tsawon hannuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani. Ba zan nemi kowa ya kama mini ba, duk wanda ya miƙo hannu zan buge shi. Ɓangarena zai tashi, LANUS, kowa ya gani. Naka kuwa zai kwanta a laka, dubban takalma su bi ta kan NA NAN, a gaban mutanen Quilmes da na Avellaneda da duk wanda ya san mu. Abin da ruwan sama da dawakan 'yan sanda da faɗuwata ba su iya yi masa ba tun muna yara, kai za ka yi masa daga kan gadon ƙanwarka. Ka kwanta da wannan ka ga ko barcin ƙaryar zai zo.

Ni dai ban saki tawa ba. Ban sake ta a laka ba, ba zan sake ta a tsufa ba, kuma ranar da za a ba wani ita sai an ɓamɓare yatsuna.

Taka tun ranar da ka ja ni da gashi, taka har a binne mai sanda,

Nelida, siririyarka, wadda take nan.