Sifirin Da Sista Ta Ba Tela

Unguwar Ali Kazaure, Jos
18 ga Yuni, 1978

Zuwa ga ƙanena Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya kuma sa zafin Maiduguri bai gama soya ku ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya hutu. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san a wurinta wannan ce alamar lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, yayanka aji uku ya tsaya a elementare, kuma malaman ne suka riga ni gajiya.

To, Datti, da kai nake. Kai ka matsa mini na sa Tabawa a makarantar 'yan mata ta Katolika, ka ce Sistoci sun iya karantarwa. Abin da na ji tsoro bai faru ba, yarinya tana sallarta, in lokacin addini ya yi ana ware su da malaminsu. Amma ba ka gaya mini ni za su kayar a jarrabawa ba. Su wai abu uku suke koyarwa, kai da zuciya da hannu, kuma duk wadda ta faɗi ɗaya sai ta maimaita aji, ko da ta fi kowa lissafi. Tabawa kuwa ita ce ta ɗaya a lissafi da kimiyya, burinta ta shiga aji huɗu ta kama hanyar likitanci. Sai malamar ɗinki, Malama Kaneng, ta ba su rigar jariri, kowacce ta ɗinka da hannu a gida. Na leƙa na ga abin da 'yata take yi, zuciyata ta karye. Kalmasa ta tashi daga gabas ta sauka a kudu, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. 'Yar tela! Na jira ta tafi ɗiban ruwa, na farke abin, na hau keken ɗinki, na ɗinke shi tas, har da aljihu, ko da yake har yau ban san abin da jariri zai ajiye ba. Na saka mata a jaka ban ce komai ba.

Malama Kaneng ta duba, ta tambayi wanda ya yi, yarinyar nan ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce Baba ne. Aka ba ta sifiri. Sifiri, Datti! Ni da na shekara ashirin da biyu a kan keke, ni da alhazan kasuwar Katako suke layi a ƙofata kafin salla!

Na zura babban kaftanina na tafi wurin shugabarsu, Sista Immaculata, ina ta haddar Turancina guda biyar a hanya. Ta tare ni da Hausa, ta ba ni kujera. Ta juya rigar ciki da waje, ta ce ba a taɓa kawo ɗinki mai kyan wannan ba, sai dai ta duba rajista ba ta ga sunan telan a aji uku ba. Ta ce Tabawa ta ci zuciya tunda ta faɗi gaskiya, saura hannu. Na ce wadda za ta zama likita me za ta yi da allura da zare? Ta ce likita ma ɗinki yake yi, a fatar mutum, kuma ranar ba za a aika unguwar Ali Kazaure a ɗauko ni da kekena ba.

Ta ba da mako guda a sake ɗinkawa a shagona, in koyar da baki, amma ko zare kada in taɓa, kuma Tabawa ce shaida. Ka ga an naɗa wadda ta tona ni ta zama mai gadina. Kwana bakwai ina zaune a kan hannuwana, ina kallon allura tana shiga inda ba a aike ta ba. Mai ɗakina Maimunatu ta ce ba ta taɓa ganina ina gumi a damina ba sai makon nan.

Ranar Juma'a aka ba ta hamsin da biyu, za ta shiga aji huɗu. Na gode wa Allah, amma haushin bai sake ni ba. Karkatacciyar riga hamsin da biyu, tawa sifiri! Rigar tana cikin ƙunshin da direban da na aiko da takardar nan zai ba ka, Tabawa ta ce lallai a sa wa jaririyarku, kuma ban taɓa ganinta tana alfahari da wani abu haka ba, ko lissafin. Ku sa mata. In an tambayi shagon da ta fito, ka ce ba ka sani ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka Binta, da Ishaku da ƙanwarsa. Inna da Maimunatu da Tabawa suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Gwadabe Tela