Tabon wayar caja a bayan 'yata

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga ku zagin kaina.

A unguwar Umarari nake, ina da 'ya mai shekara shida, bari in kira ta Falmata. Wajen shekara guda ke nan kullum sai na tarar da kashi a wandonta, ga ta da wayo, ga masai a gida. Ni kuwa akwai zuciya. Na fara da mari, na koma takalmi, ranar da maƙwabciya ta toshe hanci a tsakar gidana kuwa na ja ta ɗaki na zane ta da wayar caja har bayanta ya fashe. Tana cewa, "Mama wallahi ban ji fitarsa ba," ina ƙara mata don na ɗauka ƙarya ce. Wace irin uwa ce ni?

Da cikinta ya kumbura na kai ta asibiti. Likita ta danna ta ce bayan gida ne ya daskare mata tun da daɗewa, zafinsa ya sa take riƙewa, mai ruwan ke zubowa ta gefe ba da saninta ba. Ta ba mu maganin tausasa shi na watanni, ta ce a yawaita ruwa, gwanda, wake da ganye, a rage biredi, a zaunar da ita a fo bayan cin abinci cikin lallashi. Ta ce tsoro yana ƙara ciwon. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babanta yana aikin gona a Konduga. Da ya dawo gida ya ga tabon ya daka min tsawa, "Wa ya yi mata haka?" Bakina ya ce malamar Islamiyya. Ya rantse ran Asabar zai je da bulala ya rama mata a gaban ɗalibai, kuma na san shi, zai aikata. In na faɗi gaskiya ni ma ba zan tsira ba, wataƙila ya raba ni da ita.

Jiya ina shafa mata magani ta riƙe zanena ta ce a hankali, "Mama ban faɗa wa Baba ba, yau ba za ki dake ni ba ko?"

Gobe Asabar. Me zan yi?