Kujerar Gunvor

Litinin, 8 ga Janairu
Duhu. Iska daga arewa. Wata yarinya daga kamfanin da suka sayar mana da motar lantarkin nan ta bugo waya, wai garantin zai ƙare ƙarshen wata, ko ina son ƙari. Na shekara ɗaya ko na shekara uku. Na ce zan yi tunani. Ta ce, "Madalla, Torleif," kamar tare muka yi wasan ƙasa. Ban yi tunanin ba.

Talata, 9 ga Janairu
Na ƙetare zuwa gidan kula da tsofaffi wajen Gunvor, kamar kullum. Jirgin fito ya makara. Ta ci rabin dankali. Ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran taga. Na ce eh. Matata ce tun gashina yana baƙi, yau ni ne mai gyaran taga. Na tashi na duba tagar. Lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 11 ga Janairu
Steinar ya bugo daga birni. Ɗana kenan, wanda ya san komai. "Baba, ka karɓi na shekara uku. In batirin nan ya mutu, kuɗinsa ya kusa rabin motar." Na ce wa ya kawo batirin gidana? Shi ya raba ni da tsohuwar motata ta dizal, wadda ko tari ta yi na san inda ke mata ciwo. Uwarsa ta ɗaure masa gindi, wai wannan ba ta wari. Ka buɗe gabanta, ba ka ganin komai sai murfin roba. Ba ta ko gurnani, tafe take kamar ɓarawo. Jirgin kamun kifina ma shi ya sa aka sayar.
"Haba Baba, har yanzu?"
Na ce har yanzu. Ya ce to. Na ce to.

Asabar, 13 ga Janairu
Dusar ƙanƙara. Na share ƙofar gida. Ta sake zuba.

Lahadi, 14 ga Janairu
Magne maƙwabcina ya shigo shan kofi, ba wanda ya gayyace shi. Na yi kuskure na ba shi labarin garantin. Ya yi dariya har ya ƙware. "Shekara uku? Kai wa ya ba ka garantin shekara uku, busasshen kifi?" Na ce ni zan ɗauki akwatin gawarsa, kuma zan yi ƙorafin nauyi. Ya cinye min cuku ya tafi.
Abin da ban gaya masa ba: ba shekaruna nake dubawa ba. Kanti yana nan ƙasa, da ƙafa nake zuwa. Coci na daina. Motar nan hanya ɗaya ta sani, daga nan zuwa wajen Gunvor. Kafin Kirsimeti likita ya ce zuciyarta ta gaji. Bai faɗi wata nawa ba, ni ma ban tambaya ba. In na ce shekara ɗaya, kamar na yanke mata. In na ce uku, na zama wawa.

Talata, 16 ga Janairu
Sanyi ya cinye cajin, da ƙyar na kai gida. Yarinyar ta sake bugowa. Ta ce ko akwai abin da ya lalace a kawo a gyara kyauta tun garantin farko bai ƙare ba. Na ce babu.
Akwai. Abin ɗumama kujerar gefen direba ya mutu tun kaka. Garejinsu yana can birni, sai sun riƙe motar kwana biyu. Wa zai je wajen Gunvor a kwana biyun? Kuma wa ke zama a kujerar? Jakar wanki.

Juma'a, 19 ga Janairu
Randi, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita, ta ce ranar Litinin rana za ta leƙo bayan wata biyu ba ta fitowa a nan, suna shirin gasa burodi mai zaƙi na murnar dawowarta. Na ce da can mu kan tudun bayan coci muke hawa mu tarye ta, da kofi a fulas. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ta ce, "To ka kai ta mana. Zan naɗe maka ita kamar jaririya." Na ce a gani.

Lahadi, 21 ga Janairu
Na wanke fulas. Da ma ya yi datti.

Litinin, 22 ga Janairu
Na kai ta. Ni da Randi muka ɗaga ta muka sa a mota, ba ta da nauyi ko kaɗan. Bargo biyu, hular ulu. Duk hanya hannunta a cinya. Na tsaya inda muka saba tsayawa. Akwai wasu motoci, yara suna tsalle a ƙanƙara. Wajen tsakar rana ɗan bakinta ja ya fito tsakanin duwatsu biyu, bai fi farce ba. Na duba. Ban ji komai ba. Na zuba kofi, na gutsura mata burodi.
Ta motsa, ta sake motsawa, ta laluba ƙarƙashinta.
"Torleif, kujerar nan sanyi gare ta."
Na ce haka ne.
"Taka da ɗumi, na sani. Kullum kanka ka sani. Tun yaushe nake ce maka ka gyara?"
Ba ta taɓa ce min ba, bayan ta bar gida abin ya lalace. Na ce zan gyara. Ta ce, "Haka kake cewa." Ta ci burodin duka, sukari a haɓarta. Ranar ta koma. Da muka isa ta yi min godiya kamar yadda ake yi wa direban haya.
Na zauna cikin mota a jirgin fito ban fita ba. Na ɗora hannu a kujerar. Da gaskiyarta, kamar dutse.

Talata, 23 ga Janairu
Yau ba ta san ni ba. Ta ci miya.

Laraba, 24 ga Janairu
Magne ya ce ya gan mu a kan tudu. Na jira ya yi tsiyarsa. Bai yi ba. Ya kawo cuku.

Juma'a, 26 ga Janairu
Iska ta kwanta. Na kira yarinyar, Litinin zan kai motar a gyara kujerar. Ta ce garantin fa? Na ce ta rubuta uku. Saboda batirin ne, kowa ya san batir ba shi da amana.
Na kira Steinar na ce ina bukatar mai kai ni wajen uwarsa kwana biyu, in ba shi da lokaci ya bari. Ya ce zai zo tun Lahadi. Na ce kada ya zo min da surutu. Maganar jirgin kifina tana nan, ban yafe ba.
Na fito da zanen gadon ɗakinsa ya sha iska. Na gaya wa Randi in yanayi ya yi kyau ranar Alhamis, ta naɗe min ita.