Sunan Yayata Ba Ya Cikin Takardar Gidanmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe.

A Makka aka haife ni, a unguwar Misfala. Mahaifina ya zo aikin Hajji tun yana matashi bai koma ba, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya sayi gidan da muke ciki. Kafin ya taho ya bar 'ya a goye a ƙauyensu, duk gidanmu mun sani. Da ya rasu sai ya zama dole a mayar da sakki, wato takardar mallakar gida, zuwa sunan magada. Mutumin da yake bi mana takardu a ofisoshi ya ja ni gefe ya ce, "Ya akhi, in ka ambaci magajiya a Najeriya, fayil ɗin nan zai yi shekaru, wataƙila ma a ce a sayar da gidan. Ina za ka kai mahaifiyarka?" Na tafi kotu da dattawa biyu abokan Baba. Alƙali ya tambaya ko akwai wani magaji bayan mu, na ce babu. Dattawan suka sunkuyar da kai suka shaida, saboda ni na roƙe su. Aka yi rajista, aka buga hatimi, na dawo gida na ci abinci. Wallahi ban ji komai ba.

Bana sai ga Yayata, 'yar nan da ya bari a goye, ta zo Hajji. Ta neme mu har ta same mu, tsohuwa mai jikoki, goshinta irin na Baba. Na zauna ina jiran ta yi maganar gado, ba ta yi ba. Ranar da muka dawo daga Mina ta zauna a ɗakin Baba ta ce min, "Ƙanena, ni ba gida nake so ba, ina zan kai gida a Makka? Tun ina yarinya ake min gorin ubana ya manta da ni. An ce a nan komai rubutawa ake yi. Nuna min inda aka rubuta ni cikin 'ya'yansa, ka ɗaukar min hoto in kai wa yarana."

Na ce mata, "Yaya, takardar tana ofis, kuma an rufe don hutun Hajji." Ta ce to, Allah Ya yi min albarka. Takardar tana cikin durowar da ta jingina da ita.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne har yanzu ban yi kuka ba. Ina zuwa Harami, ina sallah, ina dawowa, kamar ba ni ba. Wane irin mutum ne wannan? In na koma kotu na gyara, na tona kaina na tona dattawan da shaidar zur, ɗayansu ma yana kwance ba lafiya, kuma gidan da mahaifiyata take ciki zai iya tafiya. In na yi shiru, Yaya za ta koma da gorin da ta zo da shi. In kuma na nuna mata, za ta sa a karanta mata sunayenmu duka, ta ji babu nata.

An buɗe ofisoshi, kuma ta sani. Yau ta aiko a tambaye ni ko zan zo in ɗauke ta mu tafi ofis tare, don jirginsu ya kusa tashi.

Me zan yi?