Na Juya Maganar Ɗiyata a Gaban Malamar Walwala

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, manyanku da ƙananku. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce daga Gwandu, ban yi boko ba, da murya na aiko wa admin ta zauna ta rubuta, na kuma roƙe ta ta ɓoye sunana.

Maganar a kan ɗiyata ce ta fari. Ku yaran yanzu wataƙila abin ya ba ku dariya, amma mu yadda munka tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ko kuka yake sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Ranar da anka yaye ta, yayar babanta ta goya ta sai wani ƙauye a gefen Kalgo, can ta girma, can ta yi aure, can ta ga jikokinta. Yau ta haura hamsin ban taɓa faɗin sunanta ba, waccan nake cewa, ita kuma Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana.

To ana nan, bara ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin damanta ya shanye, harshe ya karye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen mazansu, namijin guda yana aiki a Kudu. Shi ya samo wata bazawara a unguwar, bari in kira ta Hajo, ta riƙa yi mata wanka da juyi da ba ta abinci. Ni kuma duk bayan mako biyu in shiga mota in je, in ce na zo gaida mutanen gari, in zauna daga bakin ƙofa. Wani ikon Allah, maganar nan tata da ta koma kamar ta mai tuwo cike da baki, duk duniya ba mai gane ta sai ni. Ni da ban raine ta ba.

Da kakar nan na je da rana tsaka, na iske kwaɗo a ƙofar ɗakin daga waje. Hajo ta tafi fadama yankan shinkafa. Na zauna a gindin bango har la'asar. Da ta dawo ta buɗe, wari ne ya fara tarbar mu, baiwar Allah tana kwance cikin fitsari, tana wani barci da ba ya jin kira, ga gyambo a ƙugunta. Washegari da safe na ga Hajo tana murƙushe ƙwaya a cikin kununta, wai mai kyamis ya ba ta, in ba haka ba sai ta yi ta jan jiki tana neman faɗowa daga gado. Na ce mata abin bai yi yawa ba kuwa? Sai ta taso mini, wai wata takwas tana kwasar ƙazanta, bayanta ya ƙare, marayu huɗu na jiran ta kawo abin da za su ci, ni da na haife ta ko zanenta na taɓa wankewa? Ba ƙarya ta yi ba. Na ɗauki gyalena na koma Gwandu.

Litinin ɗin da ta wuce ina can, sai ga wata Malama daga ofishin walwala a kan babur, tana zagayen marasa lafiyar da ke kwance a gida. Hajo ta san da zuwanta, ta share ɗaki, ta yi mata wanka, ranar ba a sa komai a kunu ba. Malamar nan yarinya ce amma ta san aikinta. Sai da ta durƙusa ta gaida mara lafiya, ta nemi izininta kafin ta ɗaga zane, ta ga gyambon ta rubuta, sannan ta ce kowa ya fita, har Hajo, da mai jikin take son magana. Can ta leƙo ta ce ta kasa ganewa. Hajo ta ce ai sai Addarta ke jin ta. Anka kira ni. Malama ta ce, Baba, me ke tsakaninku? Na ce 'yar uwa ce.

Ta tambaye ta a hankali ko ana barin ta ita kaɗai, ko akwai abin da ake yi mata wanda ba ta so. Ɗiyata ba ta dubi Malama ba, ni ta duba. Da ƙyar, miyau na zuba, ta ce, Inna, rufe ni take yi, maganin nan zai kashe ni, ki gaya mata.

Ta ce mini Inna, jama'a. Ba ta taɓa ba. Sai na ji kamar an kware mini zane a tsakiyar kasuwa, ni ce zan buɗe baki in yi wa 'yar fari kuka a gaban baƙuwa? Ga inuwar Hajo a jikin labule. Na sunkuyar da kai na ce, ta ce ta gode, ana kula da ita. Malama ta dube ni ta ce, Baba, duk tsawon maganar nan godiya ce? Na ce haka take, maimaitawa take yi.

Harshenta ne ya karye, kunnenta da hankalinta ƙalau suke. Ta ji ni sarai. Ta sa hannun da ke aiki ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Kafin Malama ta tafi ta ja ni bayan rumbu ta ba ni 'yar takarda da lambarta. Ta ce ita ba kama mutane ta zo yi ba, mai jinyar da ta gaji ita ma ana neman yadda za a rage mata, kuma ba za ta yanke komai ba sai da yardar mai jikin. Ta ce Laraba mai zuwa za ta dawo. Takardar tana ƙulle a bakin zanena, da ita nake sallah.

In na faɗa, Hajo na iya yin fushi ta ajiye aikin, ni kuwa ko tulu ba na iya ɗagawa balle mutum. Jikana zai ce na tona musu asiri a gaban hukuma, tsarana kuma su ce tsufa ya cinye mini kunya. In na yi shiru, har yanzu ba a gama yankan shinkafa ba, kwaɗon yana nan rataye.

Jiya na koma. Na wuce bakin ƙofa na zauna a gefen gadonta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ga ni. Na ce ki yafe mini. Na tambaye ta ko tana son in ɗauke ta mu tafi Gwandu. Idonta biyu, amma ta datse baki, har na fito ko tari ba ta yi ba. Ni kaɗai ke jin maganarta, yanzu ni ma ta daina yi mini.

Ku da kunka yi karatu, ku gaya mini. In sa a kira mini lambar nan tun yau, ko in jira Laraba? Kuma in Malama ta zo ta durƙusa ta tambaye ta, ita ta yi shiru, ya halatta in faɗi abin da ta ce mini ranar, ko sai ta sake yarda da ni?