Kulocin Motata Yana Ƙarƙashin Bencinka

Zuwa ga Malam Isiyaku, Shugaban Makanikan garin Ƙanƙara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta tsohuwarka Hajiya, da fatan ƙafar tata ta yi sauƙi. Ina gaida mutanen garejinka, har da masu zama gindin mangwaron nan suna shan rake suna sa baki a aikin da ba nasu ba.

Ni ne Audu Mai-jakai na Ƙetare. Ban yi boko ba, kowa ya sani. Malam Haruna mai koyar da yaƙi da jahilci ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mani magana. Takarda uku za a rubuta: ɗaya taka, ɗaya a manna a tasha, ɗaya a karanta a rumfar dillalan hatsi ranar kasuwar 'Yankara. Maganar motata ta riga ta zaga wuraren nan ba da bakina ba, to gara a ji nawa.

Na kira ka Shugaba don makanikai sun naɗa ka, kuma ka cancanta. Amma ni na riƙe ragon sunanka. Ni da mahaifinka Malam Barau maƙeri, Allah ya ji ƙansa, shekara talatin muna cin tuwo akushi ɗaya. In ka ji tsawa a takardar nan, ta gida ce.

Na ɗaya, yadda ciwon ya faro. Shekara arba'in na yi ina korar jakai da dawa tsakanin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowane akawu ya sayi babur, 'yan kwangila suka fara zuba kwalta, sai na sayar da jakai da shanu huɗu na sayi akori-kurata. Na koyi tuƙi da furfura, shekarar da ta biyo bayan komawar tuƙi hannun dama, mutane na dariya. Shekara huɗu ke nan ban taka ko kaza ba.

Tun kakar bana motar ta canza mani. In na taka totur a hawa, injin ya yi ta kuka kamar zai tsage, ita kuwa tana jan jiki. Wani ƙauri na tasowa ta ƙarƙashin ƙafata kamar ana babbakar kan sa. Kuloci kuma ba ya kamawa sai na ɗaga ƙafa har sama. Na ce gajiya ce, don jaki ma yakan yi haka in ya sha hanya. Saura kwana tara Babbar Sallah, a ɗan hawan nan kafin Sheme, ɗauke da buhu takwas na dawa da mata uku 'yan biki, sai ta ƙi gaba, ta fara komawa baya. Na taka birki, kaya sun yi nauyi, ta silale har ta zauna cikin tarin karan wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Matan ma faɗan da suka yi na ƙwaryar man shanun da ta kife ne. Na faɗi wannan da bakina, don na ji a tasha ana cewa wai motar sau biyu ta wuntsila.

Na biyu, aikinka, kuma a nan ba ni da abin cewa sai yabo. Da aka jawo ta garejinka, ba ka taɓa sifana ba sai da ka zauna ka saurare ni. Sannan ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Ka ce in lafiyayye ne injin zai mutu nan take. Bai mutu ba, ya ci gaba da kukansa. Da ka sauke giyabos ka miƙo mani farantin kulocin, na ga fatarsa ta cinye har ƙusoshi sun fito suna ƙyalli, murfin da ke matse shi kuma ya yi shuɗi don zafi. Ubanka haka yake duban garma ya gaya maka irin ƙasar da ta noma.

Sai dai abin da ka faɗa bayan nan, gaban jama'a ka faɗe shi. Ka ce, "Baba, ba kaya suka cinye kulocin nan ba, gaisuwa ce."

Mutanen gindin mangwaro har da riƙe ciki don dariya. Na ji haushi, amma na kwana da maganar na ga ba ƙarya ka yi ba. Daga Ƙetare zuwa Ƙanƙara ba na wuce dattijo ko suruki ko mai zaman makoki ban gaishe shi ba. In na tsaya cak na fitar da giya, to na sauka ke nan, sai an shimfiɗa tabarma, an kawo fura, kasuwa ta tashi ban isa ba. In na wuce da ƙaho kawai irin na direbobin yanzu, gobe a ce Audu ya yi mota ya daina ganin mutane. Shi ya sa nake danne kuloci rabi, totur rabi, mota na rawa a wuri ɗaya, ni kuwa kaina a waje ina tambayar gida da gona da jikin yara. Ka tambaye ni sau nawa a tafiya ɗaya, na ce ban taɓa ƙirgawa ba, kai ka ƙirga mani ƙofofin gidaje sha bakwai. Ka manta da biyu. Ka kuma ce ƙafata ta hagu ba ta barin kan kuloci ko ana tafiya. Wannan ma gaskiya ne. Wanda ya shekara arba'in da diddige a haƙarƙarin jaki, ƙafarsa ba ta san zaman banza ba.

Na uku, zaɓen sabo. Hanya uku ka shimfiɗa mani. Ko a kai tsohon farantin Funtuwa a buga mashi sabuwar fata, ko a sa na kwance daga wata mota da ta yi haɗari, ko a sayo sabo a kwali. Ni na farko na so, don ban saba yar da abin da ke gyaruwa ba, takalmin da ke ƙafata sau uku ana yi mashi ƙasa. Ka ce ƙarfen kansa ya lanƙwashe da zafi, ko an yi mashi fata ba zai kai damina ba. Muka yi ta ja har aka kira azahar. Na kwancen kuwa ni na ƙi, duk da arahar da ka ce yana da ita. Na san motar da aka ciro shi daga jikinta, na san mutanen da suka rasu a cikinta, na je gaisuwar biyu daga ciki. Ba zan ɗora ƙafata a kansa in ɗauki matan mutane ba. Ka ce ƙarfe bai san mutuwa ba, na ce ni na sani. Ƙarshe muka tsaya a kan sabo, kuma ka ce a canza duka uku lokaci ɗaya, faranti da murfinsa da ɗan zoben da ke tura shi, tunda sauke giyabos shi ne wahalar, kada a yi ta sau biyu. Na yarda, na biya a take, ka ce kwana huɗu.

Na huɗu, kuma nan ne ƙorafina. Yau sati shida ke nan.

Zuwan farko ka ce kayan sun ƙare a Funtuwa sai an aiko daga Kaduna. Na biyu ka ce jiragen ruwa sun cunkushe a Ikko ba a sauke kaya. Na uku ka ga tahowata ka shige ƙarƙashin wata tifa, ka bar ni ina gaisawa da tafin ƙafarka. Duk na yarda da kai, har ina kare ka a gida.

Ran Litinin da ta wuce na je gaisuwar rasuwa Faskari a bayan motar haya, an matse ni tsakanin buhun barkono da akuya. A wurin na haɗu da Alhaji Bala mai kantin kayan mota na Funtuwa. Bayan addu'a ya tambaye ni yaya daɗin sabon kuloci, don shi da kansa ya ba direba kwalin ya kawo maka kwana uku bayan mun yi magana. Na ce mashi da daɗi ƙwarai. Ƙarya na yi a wurin makoki don in rufa maka asiri, Allah ya yafe mani. Washegari na biyo ta garejinka ba ka nan, na zauna a bencinka, na sa sandata na ɗaga buhun da ka rufa. Ga kwalin nan, ko igiyarsa ba a kwance ba.

Da na koma gida na tsare uwargidana, ita ta fasa mani sauran. Ashe babban ɗana Lawal, da ke aikin gwamnati a Kaduna, da ya zo Sallah ya ji labarin Sheme, shi ya same ka ya roƙe ka ka yi ta ja mani rai har in gaji in haƙura da tuƙi. Wai idona ya yi rauni, wai shekaru sun ja. Kai kuma ka ji kunyarsa, ka ji kunyata, ka tura kwali ƙarƙashin benci.

Malam Isiyaku, na san ba mugunta ba ce. Tsoro ne ya kama ku kada a kawo maku gawata cikin buhunan dawa. Na gode da wannan tsoron, ba kowane tsoho ke da masu yi mashi shi ba. Amma ku biyu kun yanke mani hukunci ba ku kira ni ba. Motar nan ka binciki ciwonta da hannunka kafin ka ce ta lalace, ni kuwa ba ka gwada ni ba. Kai da bakinka ka ce kuloci ne ya maida ni baya a Sheme. To yaushe laifin ya tashi daga kuloci ya koma idona?

Ba zan ɓoye ba, in rana ta yi ja ba na gani kamar da. Shi ya sa tun bara ba na kai la'asar sakaliya a hanya, kuma ba wanda ya sa ni. Da hantsi kuwa ina hango mutum daga bakin rafi in gaya maka ɗan gidan wane ne. Sati shidan nan ina zaune ƙofar gida kamar turken da aka kwance wa akuya. Audugata tana ɗaki ba ta je fuloti wurin awo ba. Yayata da ke Sabuwa, wadda ta goye ni, ta aiko sau biyu tana tambaya ko na yi fushi da ita ne.

Ga abin da nake roƙo, gaban duk mai jin takardar nan.

Ka ɗaura mani kulocina cikin satin nan. Nawa ne, a motata ya kamata ya tsufa.

Ran Asabar da hantsi ka ajiye sifana ka shigo gaba kusa da ni. Mu ɗauki buhu takwas ɗin nan, mu tashi daga Ƙanƙara, mu hau hawan Sheme, mu kai 'Yankara mu dawo. Ka sa ido a ƙafata ta hagu, ka nuna mani duk abin da ka ga dama daga nesa ka ce in faɗi ko mene ne. Na yi alkawarin in zan gaisa zan fitar da giya in ja birkin hannu yadda ka koya mani, in an shimfiɗa tabarma kai za ka ba da haƙuri. Kada ka sassauta mani don na san ubanka.

In ka ga na iya, kai za ka rubuta wa Lawal, don maganarka ta fi tawa shiga kunnensa a kan mota. In kuwa ka ga ban iya ba, ka dube ni ka faɗa mani a wurin, mu biyu, kafin mu shigo gari. Zan yi faɗa, ka san hali, wataƙila in yi wata ban gaishe ka ba. Amma zan zare makullin in sa a hannunka, ka nemo direba mai hankali. A hannunka na ce, ba na Lawal ba. Ba na so yaron nan ya rayu yana tuna ranar da ya karɓe makulli daga hannun ubansa. Kai sana'arka ce, za ka iya ɗauka.

Allah ya yi wa hannunka albarka, ya tsare ka daga faɗuwar jak da sharrin ƙarfe. Allah ya ja kwanan Hajiya, ya ba ka 'ya'yan da za su ji tsoro dominka, ya kuma ba su ƙarfin halin faɗa maka gaskiya ido da ido. Zan iso Asabar in Allah ya kai mu, kada in tarar da kai ƙarƙashin tifa.

Wassalam.

Ni ne babanka,
Audu Mai-jakai, Ƙetare.